Kariyar da Aka Yi wa Oumarou

Oumarou ba shi da kujera. Shekara goma sha bakwai yana kasa kaya a bakin titi na 116 a Harlem, bai taɓa sayen ko ta roba ba, kuma ba rowa ce ta hana shi ba. Wanda ya zauna, in ji shi, kafin ya miƙe an iso kansa. Sana'ar tasa rabi sayarwa ce, rabi tashi. A kan teburinsa akwai huluna da safar hannu in ana sanyi, tabarau in rana ta buɗe, lema in hadari ya haɗo, sai turare da man kaɗanya waɗanda ba ruwansu da lokaci. Abin da babu a kai shi ne lasin. Lasin ɗin tebur a birnin New York abu ne da ake jin labarinsa. Oumarou ya san wani da ya taɓa ganin wani mai shi.

Don haka yana ciniki da ido ɗaya a kan mai saye, ɗayan a kusurwar titi. Yana ba da canji yana leƙe. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake shan shayi. Ko a masallaci, liman na sallama shi ne na farko a wurin takalma. Yana iya naɗe tebur da kaya gaba ɗaya cikin ƙasa da minti guda, ya taɓa gwadawa da agogo.

Bagobiri ne daga Tibiri, kusa da Maraɗi, tsagen gidansu na nan a kumatunsa daga gefen baki har kunne. Ya yi jami'a a Yamai a shekarun da ɗalibai suka fi zama a kan titi fiye da aji. Ya shiga ƙungiyarsu, ya karanta littattafan gurguzu masu jan bango har suka yage, ya sha hayaƙi mai sa hawaye daidai gwargwado. Daga duk karatun nan abu ɗaya ne ya zauna masa daram: gwamnati sanda ce a hannun masu dukiya, kuma talakan da ya roƙi a ƙara mata tsawo bai san bayan wanda za ta sauka ba. Ya koyar da tarihi a wata sakandare, ya jagoranci yajin aiki, aka sallame shi. Ya shigo Amurka da bizar wata shida, ya baro matarsa Habsatou da 'yarsu Hasiya tana shekara uku. Bizar ta ƙare a kan lokacinta, shi ne bai tafi ba. Yanzu Hasiya na shekarar ƙarshe a makarantar ungozoma, kuma duk abin da ta sani na ubanta bai wuce faɗin fuskar waya ba. In ya fita ƙasar ba zai iya dawowa ba, in bai dawo ba gidan ba shi da mai ciyarwa.

'Yan titin suna kiransa Kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Abdou ne ya laƙa masa sunan, Bazabarme mai sayar da cajar waya a tebur na gaba, wanda al'ada ta ba shi izinin zolayar kowane Bagobiri a duniya, kuma bai taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba.

"Kamarad, yau ƙarfe nawa ne juyin juya halin? In sani in rufe da wuri."

"In ya zo, ku Zabarmawa za mu ba shara."

Teburin yana kwana ne a ɗakin ƙasa na benen da ke bayansa. Wadda ta samo masa mabuɗin wata tsohuwa ce Ba'amurkiya baƙar fata, Loretta, wadda ta shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Mama Loretta yake kiranta. Tagarta a hawa na biyu tana kallon kusurwar da motar ma'aikatan birni ke ɓullowa. Da ta hango motar sai ta ɗauki cokali ta bubbuga ƙarfen tagar, tebura shida su ɓace kamar ba a taɓa kasa su ba. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ba wanda ya naɗa ta. Oumarou yakan ce ita kaɗai ce hukumar da ta taɓa kare shi a Amurka.

Tana da ɗa guda, Curtis, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, mai gadi a wani kantin takalma. Da safe in zai tafi aiki yakan kama wa Oumarou gefen tebur su hauro da shi matakala, suna musu a kan ƙwallon kwando, wasan da Oumarou bai sani ba amma yana da ra'ayi a kansa. Sai aka rufe kantin. Sai aka ɗauke ƙaramin asibitin unguwa da Curtis ke karɓar maganin ƙwaƙwalwarsa, aka haɗe shi da wani can nesa inda layin ganin likita ke cin watanni. Sai mai benen ya fara aiko da wasiƙu yana son tsofaffin 'yan haya su tashi. Curtis ya daina kama tebur. Ya koma zama a matakala yana magana shi kaɗai.

Ranar wata Talata a watan Mayu, da hantsi, Curtis ya fito da ɗaya daga cikin wasiƙun a hannu, ƙafarsa ta sarƙe da ƙafar teburin. Ya kifar da teburin. Ya ɗauki babbar kwalbar turare ya maka wa Oumarou a fuska. Yana dukan yana ihu da Turanci: "Ku koma dajinku! 'Yan ta'adda! Kun cika mana unguwa!" Abdou ya tafi sayen kofi. Kyamarar shagon wanki ta ɗauki komai, sai dai irin wadda ba ta ɗaukar murya ce. Maganar nan mutum ɗaya ne ya ji ta sosai.

Da jiniyar 'yan sanda ta matso, Oumarou, jini na zuba a rigarsa, ya durƙusa ya fara naɗe tebur. Hannayensa ne suka yi, ba su yi shawara da shi ba. Sai da wani ɗan sanda ya riƙe masa kafaɗa ya ce, "Yallaɓai, zauna." Shekara goma sha bakwai, ranar ce ta farko da mai kaki ya ce masa yallaɓai. A asibiti 'yan sandan suka tambaye shi ko mutumin ya faɗi wani abu. Tsohon malamin makaranta ne, in an yi masa tambaya yakan ba da amsa cikakkiya. Ya faɗa musu kalma bayan kalma, suka rubuta.

Ɗinki tara aka yi masa, sabon tabon ya ratsa tsagen Gobir a karkace. Abdou ya zo dubiya, ya daɗe yana kallon fuskar.

"Wannan wanzamin bai ƙware ba," ya ce. "Amma an ƙara maka girma. Yanzu kai ne sarkin Gobirawan Harlem."

Bayan sati biyu aka kira shi ofishin lauyar gwamnati, wata mata mai fara'a da saurin magana. Oumarou yana jin Turanci, amma ya nemi tafinta, don yana son ya yi tunani a lokacin da ake fassara. Aka kawo masa Jumai, 'yar Jos, ma'aikaciyar sashen taimakon waɗanda aka zalunta. Ta bakinta ya ji yadda lamarin yake. Duka kaɗai laifi ne mai hukuncinsa. Duka tare da waɗancan kalmomi kuwa laifin ƙiyayya ne, doka tana ɗaga shi zuwa mataki na sama, abin da zai iya zama watanni ya koma shekaru. Hoton ya nuna dukan. Kalmomin sai Oumarou ya zo ya maimaita su da bakinsa, bisa rantsuwa, a gaban kwamitin mutanen gari da ke sauraron shaida.

"Muna tare da kai," in ji lauyar. "Babu wanda za a ci wa mutunci a birnin nan saboda asalinsa."

Ta miƙo masa wata takarda mai hatimin kotu. An saki Curtis ya jira shari'a, amma alƙali ya hana shi kusantar Oumarou ko wurin sana'arsa. Tunda wurin sana'ar ƙofar gidan uwarsa ne, Curtis ya koma wurin ƙanwarta a Morrisania, can unguwar Bronx. Oumarou ya ninke takardar huɗu ya cusa a aljihu bai karanta ba. Duk takardar da hukuma ta taɓa ba shi a ƙasar nan ta biyan tara ce, ya saba ninke su haka.

A bakin lifta Jumai ta rage murya.

"Baba, akwai abin da ya kamata ka sani. Akwai biza ta musamman ga wanda aka yi wa irin wannan rauni, in ya taimaki hukuma har ƙarshe. Ofishin nan ne zai sa hannu ya ce ka taimaka. Tana ɗaukar shekaru, ba na ce gobe ba. Amma hanya ce. Wata rana ka je gida ka dawo."

Oumarou bai hau liftar ba. Ya sauko hawa bakwai da ƙafa, ya wuce tashar jirgin ƙasa, ya wuce ta gaba, sai da ya yi tafiyar fiye da awa kafin ya tuna yana da katin jirgi.

Ya koma tebur, amma titin ya canza. Tagar hawa na biyu a rufe take. Mama Loretta takan fito ta ƙofar baya. Mabuɗin ɗakin ƙasa yana hannunsa, ba ta aiko a karɓa ba, ba ta kuma aiko da gaisuwa ba. Sau biyu motar birni ta ɓullo babu ƙarar cokali, aka kwashe teburin mai sayar da jakunkuna. Oumarou yakan ɗaga kai ya dubi tagar, ya dubi kusurwa, ya sake duban tagar, har wuyansa ya fara ciwo. Masu saye suna tambayar farashi sau biyu kafin ya ji.

A inda ya fito, in maƙwabci ya fasa wa maƙwabci kai, ba a barin maganar ta yi tsami. Manya sukan ɗauki goro su je, a zauna, mai laifi ya sunkuyar da kai, wanda aka cuta ya ce ya yafe, a shafa fatiha, kowa ya tafi harkarsa. Oumarou bai ga dalilin da zai sa kwalbar Harlem ta fi ƙarfin wannan ba. Ya sami Alhaji Mutaru, dattijon zangon Kumasi da ke raba rigingimun masallacinsu, ya faɗa masa. Alhaji ya ce abin alheri ne. Abdou ya ce zai bi su don kada Bagobiri ya ɓata a Bronx. Oumarou ya san gidan, ya taɓa kama wa Curtis firji suka kai can.

Ranar Lahadi da azahar suka tafi da goro a leda da kwalbar turare sabuwa. Ba su yi waya ba. Mai zuwa sulhu ba ya neman izini, don kada a ce masa a'a.

Curtis ne ya buɗe ƙofar. Ya rame, an yi masa aski, maganin ya sa idanunsa sun yi sanyi. Da ya ga Oumarou sai ya ja da baya har ya bugi bango.

"Ba za ka iya zuwa nan ba. Umar, don Allah. Ba za ka iya zuwa nan ba."

Amma Alhaji Mutaru ya riga ya yi sallama, ya riga ya tuɓe takalmi, kuma ba a taɓa yin mutumin da ya mayar da Alhaji Mutaru cikin takalminsa kafin ya gama abin da ya kawo shi ba. Mama Loretta na ciki, ta dawo daga coci da hularta a kai. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ɗinkin da ke fuskar Oumarou, ta rufe. Ta kawo musu shayi mai ƙanƙara. Alhaji ya yi jawabi a kan haƙƙin maƙwabtaka da Turancin Gana, ya daɗe. Curtis ya yi kuka, ya ce bai san abin da ya hau kansa ba. Oumarou ya ce ya yafe, da Hausa, da Faransanci, da Turanci, don kada a sami kuskure. Aka fasa goro, Mama Loretta ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, aka yi dariya. Aka sa su suka yi musabaha. Abdou ya ɗauki hoto.

A jirgin dawowa Oumarou ya zauna. Abdou ya lura, ya kuma faɗa wa kowa daga baya.

Hoton ya shiga dandalin 'yan tebur a waya kafin la'asar. Daga can ya tsallaka dandalin masallaci. A can wani mai son alheri, wanda ke wakiltar masallacin a taron unguwa da 'yan sanda, ya tura shi ga jami'in hulɗa da jama'a, ya rubuta a ƙasa cewa ga yadda mutanenmu ke zaman lafiya. Ranar Laraba aka kama Curtis saboda karya umarnin kotu. A wannan karon ba a sake shi ba.

Oumarou ya rufe tebur da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba sai don gudu, ya tafi ofishin lauyar.

"Ni na tahi wurinshi. Shi bai zo ba. Ni na ƙwanƙwasa."

Jumai ta fassara. Lauyar ta girgiza kai cikin tausayi. Umarnin a kan Curtis yake, ba a kan Oumarou ba. Ko wa ya ƙwanƙwasa, shi ya kamata ya rufe ƙofa. Kuma mutum uku sun je gidan wanda ake tuhuma, an sa mai shaida ya ce ya yafe, wa ya san irin matsin da aka yi masa?

"Matsi? Ni na sayi goron!"

"Na gane. Al'ada ce mai kyau."

"To na yafe. Ki rubuta. Kaina ne aka fasa, na ce na yafe."

Lauyar ta juyo da fayil ɗin ta nuna masa bangon. Babu sunansa a wurin mai ƙara. Jama'ar jihar New York ne suka kai Curtis ƙara, shi Oumarou shaida ne kawai. Ya daɗe yana kallon rubutun. Ya shekara talatin yana magana da sunan jama'a, bai taɓa zaton zai gamu da su a bangon fayil ba, kuma suna gaba da shi a layi.

Aka sa masa ranar shaida, Litinin ta sama. A barandar ofishin ya tsaya yana kai da kawowa, Jumai na jingine da bango da kofinta.

"'Yata, ki duba mini. An rufe wurin aikinshi, ba wanda ya zo. An ɗauke asibitinshi, ba wanda ya zo. Mai gida na korar uwarshi, ba wanda ya zo. Ranar da ya fasa mini kai, cikin minti huɗu mota uku. Ashe sun san adireshin. Kuma waɗanda suka ce mini yallaɓai, su ne dai masu bi na da gudu. Yanzu ana so in ba su shekarun mutum, wai don a nuna ana ƙaunata. In sun ɗaure shi shekara bakwai, asibitin zai dawo? Lasin zai fito?"

"Ka gama, Baba?"

"Ban gama ba, amma faɗi."

"Ni na taso a garin da ake tare mota a tambayi sunanka, in sunan bai yi ba shi ke nan. Ɗan'uwan mamana haka ya tafi. Ba a kama kowa ba. Manya suka zauna, aka yi sulhu, aka ci abinci, bayan shekara biyu aka sake. Da na zo nan na ji akwai dokar da ta ce dukan mutum saboda asalinsa ya fi duka muni, wallahi sai da na yi hawaye. Kai kana da littafi. Ni ina da kabari."

Oumarou ya tsaya cak, abin da ba ya cika yi.

"Allah ya ji ƙanshi," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Waɗanda suka tare motar, wani ya ba su man fetur, wani ya ba su dalili. Shi aka kama?"

"Na ce maka ba a kama kowa ba."

"Nan ma wanda za a kama Curtis ne."

"Curtis ne ya fasa maka kai, Baba, ba mai gida ba." Ta jefa kofin a kwandon shara. "Ni dai aikina fassara. Amma ka tuna da yarinyarka."

Ba ya bukatar tuni. Abdou, wanda ciki ba ya riƙe masa magana, ya riga ya faɗa wa matarsa zancen bizar, matarsa ta faɗa wa wata a Maraɗi. Ranar Juma'a bayan masallaci waya ta yi ƙara, fuskar Hasiya ta cika ta, da farar rigar makaranta.

"Baba, an ce za a ba ka papiye, takardun zama? An ce za ka zo?"

"Wa ya ce?"

"Kowa. Inna har ta sa an yi wa ɗaki fenti."

"Abin na da tsawo, Hasiya. Shekaru ne."

"To ai mun saba da shekaru. Baba, juyo in ga tabon." Ya juya. Ta matso da ido kamar mai duba mara lafiya. "Ɗinkin bai yi kyau ba. Da ni ce da na fi su."

Asabar da Lahadi bai kasa kaya ba. Ya bi titi na 116 har bakin kogi, ya juyo ya bi shi har ɗaya ƙarshen, ya sake juyowa. Ƙarya ba ta cikin lissafinsa: ba zai ɗaga hannu ya rantse ya ce bai ji abin da ya ji ba. Ya gwada faɗin kalmomin a ransa kamar yana gaban kwamitin, suka fito sumul, bai manta ko ɗaya ba. Ya gwada hango kansa yana sauka a filin jirgin Yamai da furfura. Ya hango. Ya gwada hango Mama Loretta a motar da ke kai iyalai ziyarar kurkuku can arewacin jiha, shekara bayan shekara, da hular coci. Ita ma ya hango. Ya so a ce ɗaya daga cikin hotunan ya ƙi fitowa.

Litinin da safe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi. Bai bari an kai shi ɗakin kwamitin ba, ya tsaya a ofishin lauyar. Ta nuna masa kujera, ya ce ya gode.

"Na ji abin da ya ce. Ba zan ce ban ji ba. Amma ba zan maimaita shi ba."

Jumai ta dube shi, sannan ta fassara daidai.

Lauyar ta ce tana iya sa kotu ta tilasta masa. Oumarou ya ce an taɓa tilasta masa a wata ƙasa, ya san yadda ake yi. Ta ce ya gane cewa ofishinta ba zai iya sa hannu a kan cewa ya taimaka ba? Ya ce Jumai ta yi masa bayani tun farko, kuma ta iya bayani. Ta tambaye shi ko tsoro yake ji. Ya yi tunani da gaske, don tambaya ce.

"Ina jin tsoro kullum, madam. Amma ba na Curtis ba."

Ba ta tilasta masa ba. Tana da fayil tamanin a kan teburinta, kuma shaidan da aka jawo da igiya ba ya daɗin sauraro. Bayan wata guda aka daidaita: Curtis ya amsa laifin duka da na karya umarni, aka cire maganar ƙiyayya, aka ba shi watanni. Takardar bizar ba a sa mata hannu ba. Jumai ta kira shi ta faɗa masa da kanta. Ba ta ce ya yi daidai ba, bai kuma tambaye ta ba. Da ya gaya wa Hasiya, ta ce fentin dai ya yi kyau, ta kashe wayar. Sai bayan sati uku ta sake kira.

Saura abu ɗaya. A ranar yanke hukunci alƙali ya sabunta umarnin kariya, wannan karon na shekara biyar. Oumarou ya zauna da tabarau ya karanta shi daga farko har ƙarshe. Curtis ba zai kusanci wurin sana'arsa ba. Wato in Curtis ya fito, ko dai kada ya taka ƙofar uwarsa, ko kuma wurin sana'ar ya tashi. Ya nemi a janye takardar, aka ce masa don amfaninsa aka yi ta.

Sati guda kafin a saki Curtis, Oumarou ya hauro da teburin daga ɗakin ƙasa, ya tura mabuɗin ta ƙarƙashin ƙofar Mama Loretta, ya ɗaure kayansa a amalanke. Abdou ya raka shi har bakin tashar jirgi.

"Wa zan zaga yanzu?"

"Ka sayi madubi."

Ya sami wuri a Tremont, can Bronx, kusa da wani shagon 'yan Gana, inda ba wanda ya san shi da Kamarad kuma ba tagar da ke kallon kusurwa. Curtis ya fito a watan Oktoba, ya shiga gidan uwarsa ta ƙofar gaba. Abdou ne ya kawo labarin, tare da saƙo daga Mama Loretta: kujera ta ninkewa, koriya, sabuwa. Ta ce a gaya wa Umar ya riƙa zama. Oumarou ya jingine ta da bango a bayansa.

A satinsa na uku a Tremont motar birni ta ɓullo ta gefen da bai zata ba. Ya kai hannu ga ƙafar tebur, ya ga sun riga sun iso. Sai ya miƙe, ya zaro takardar kotun daga aljihu, ya warware ta, ya miƙa wa babbansu. Mutumin ya karanta a tsanake, har bayanta ya juya. Ya ce takarda ce mai kyau, tana aiki, ya adana ta sosai, in mutumin nan ya kusance shi ya kira nan take. Ya mayar masa da ita da hannu biyu. Sannan suka ɗora teburin a mota, da huluna, da safar hannu, da turaren.

Kujerar suka bari, tunda ba kayan sayarwa a kanta. Oumarou ya ninke takardar huɗu ya mayar aljihu. Ya ɗauki kujerar ya rataya a kafaɗa, ya nufi tashar jirgi da sauri, don shagon da ke sayar da tebur na ninkewa yana rufewa ƙarfe biyar.